Malam Mai Bokiti da Ruwan da Ya Sauka

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, ina tsaye gaban allo da alli a hannuna, shugaban makaranta ya leƙo ta ƙofa ya yafito ni. Ban taɓa ganin ya zo kiran malami da ƙafarsa ba, masinja yake aikowa. Da na fito ya kasa haɗa ido da ni, ya ce, "Malama, sai haƙuri. Mai Bokiti ya cika." Kwana tara ka yi a asibiti, Malam, kuma duk kwanakin nan muna ta gaya wa juna cewa gajiya ce da hawan jini, za ka dawo kafin jarrabawa. Wanda Ya ba mu aronka Ya karɓi abinSa, kuma inda ka tafi can kowannenmu ya dosa. Na koma aji na ajiye allin, yara suka gani a fuskata.

Shekara talatin da ɗaya kana koyar da fiziks a wannan sakandare. Ni shekara biyu kawai na yi a ƙarƙashinka, don haka akwai ɗaruruwan da suka fi ni cancantar wannan rubutu. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne akwai wani aiki da ka ba ni kana raye, na yi ta jan ƙafa har ka tafi ba ka ga na yi shi ba. Zan faɗe shi a nan yadda ya faru, ko da zai zubar mini da 'yar ƙimar da nake tattali. Amma sai na fara da gaya wa wanda bai san ka ba ko kai wane ne.

Sunan da yara suka laƙaba maka ya bi ka har ya danne na gaskiya. Mu sauran malamai mu shiga aji da littafi da alli, kai ka shiga da shuɗin bokiti, wata rana cike da ruwa, wata rana cike da tarkace: ƙwallaye, laka, igiya, kwanon silba, ƙarfen awo. Ranar da na kama aiki na gamu da kai a baranda, na zaci mai shara ne ya ci ado, har na tambaye ka ina ofishin shugaban sashen kimiyya yake. Ka ce in biyo ka. Ka kai ni har ciki, ka ajiye bokitin a bayan ƙofa, ka zagaya ka zauna a kujerar, ka ce, "Sannu da zuwa, Malama." Ba ka taɓa tayar da zancen ba, ni ce dai na yi mako guda ina sauya hanya in na hango ka.

Doka ɗaya gare ka a aji, kuma ba ka sassauta ta ga kowa. Ba a yin gwaji sai kowa ya rubuta hasashensa. Kafin ka saki ƙwallo ko ka jefa wani abu a ruwa, kowane ɗalibi zai yagi 'yar takarda ya rubuta abin da yake ganin zai faru da dalilinsa, ya sa hannu, da biro ba da fensir ba, ya jefa cikin wani tsohon gwangwanin madara. Kai ma kana rubuta taka ka jefa. Bayan gwaji a zazzage gwangwanin a karanta. Wanda ya kuskure ba a yi masa dariya, amma dole ya tashi ya faɗi inda tunaninsa ya kauce. Yaran da suka saba kwafe abin da ke allo ba tambaya sukan yi wata guda suna ƙorafi, daga nan sai ka ga suna rigima a kan wanda zai riƙe gwangwanin.

Darasin ƙarfin tafiya, wato yadda nauyin abu da gudunsa ke haɗuwa su sa tsayar da shi ya yi wuya, a littafi layi biyu ne da lissafi. Ni a jami'a na haddace shi na ci jarrabawa da shi, amma ban taɓa ganinsa da idona ba sai a hannunka. Ka sa ɗalibai biyu suka riƙe zanen gado a sake, suka ɗan naɗo ƙasansa, ka miƙa ɗanyen ƙwai ga wanda ya fi kowa ƙarfin hannu a ajin, ka ce ya jefi zanen da iya ƙarfinsa. Kusan duk takardun gwangwani sun ce zai fashe. Yaron ya ja baya ya cije leɓe ya jefa, ƙwan ya daki zane ya gangaro cikin naɗin, lafiya lau. Sai ka ɗauki ƙwan nan ka sake shi daga tsawon gwiwarka a kan siminti, ya tarwatse. Ka ce zane ya ba shi lokaci ya tsaya a hankali, siminti bai ba shi ba, sannan ne ka juya ka rubuta lissafin a allo. Ina zaune a bayan aji, da digirina, tsigar jikina na tashi. A wajen zaman makoki mai ɗakinka ta gaya mana, tana dariya tana share hawaye, cewa zannuwan gadonta da suka bi ka makaranta ba su dawo ba sun fi biyar.

Wa zai manta ranar da ka ari kujera mai taya daga ofishin shugaban makaranta? Dattijo mai shekara kusan sittin, gemu duk furfura, ka hau ka ɗage ƙafafu, ka cilla buhun yashi gaba, kujera ta yi baya da kai har ka daki allo hularka ta faɗi. Ka tashi kana kakkaɓe ta kana tambayar yara wa ya tura ka. Wata rana kuma ka kira direban motar makaranta cikin aji, ka ba shi kujerarka, ka ce ya gaya wa yara bambancin taka birki in mota cike take da in ba kowa a ciki. Mutumin nan ya shekara ashirin yana tuƙi, ba wanda ya taɓa cewa ya koyar da komai. Ya yi bayanin da ya fi na littafi, ka sa aji suka tafa masa. Ranar jana'izarka an gaya mini ya kama makara ya ƙi sakin wa kowa.

A darasin nutsewa da tasowa, inda ake koyon yadda ruwa ke tura abu sama, na ga abin da ya fi ba ni mamaki game da kai. Ka saba nuna musu cewa lemo da ɓawonsa yana yawo a saman ruwa, in an ɓare shi sai ya nutse. Ranar nan ka ɓare, ka jefa, lemo ya ƙi nutsewa. Aka zazzage gwangwani, ka karanta taka takardar da babbar murya, ka ce, "Yau lemo ya kayar da ni." Fuskarka har haske take yi don murna. Ka watsar da abin da ka shirya, ku da yara kuka ƙarar da sauran lokacin kuna neman dalili, har kuka gano farin ɓargon da ya rage a jikinsa ne ke riƙe da iska. Na fita ina cewa a raina wannan mutum ko kunya ba ya ji. Ban san ni ce ban fahimci abin da na gani ba.

To, ga nawa labarin. Ajin ƙarshe kashi biyu ne, kai kana da ɗaya, ka ba ni ɗaya. Ni ce mace ta farko da ta koyar da fiziks a makarantar, kuma na shigo da shirin kada wani ya raina ni. Ba na shiga aji da bokiti. Ina shiga da takalmi mai ƙara da amsar kowace tambaya a bakina, kuma in gaskiya za a bi, ina jin daɗin yadda yara ke shakkata. A ajin akwai wata ɗaliba da suke kira Me-ya-sa, domin ba a gama jimla ba ta ɗaga hannu ta ce me ya sa. Tana gajiyar da ni, amma ita ce ta fi kowa ƙwaƙwalwa.

A watan Janairu na ba su gwajin aji, na sa wata tsohuwar tambaya. Ƙaramin jirgi yana kan ɗan tafki, ɗauke da babban dutse. Aka ɗauki dutsen aka jefa cikin ruwan ya nutse. Ruwan tafkin zai hau, zai sauka, ko zai tsaya inda yake? Amsar da na tanada ita ce zai tsaya inda yake. Na haɗa ta ne da wata tambaya mai kama da ita, ta ƙanƙarar da ke narkewa a cikin kofi, wadda a can ruwan ba ya motsi, kuma ban tsaya na yi lissafin ba domin na ga kamar na sani. Me-ya-sa kaɗai ta rubuta cewa ruwan zai sauka. Na soke ta da jan biro. Da na raba takardu ta ɗaga hannu za ta yi bayani, na katse ta, na ce dutsen nan ko a jirgi ko a ƙasa ai yana cikin tafki, sai dai in ita ce za ta shanye ruwan. Aji ya fashe da dariya. Mutum arba'in da shida suka kwafe amsata a littattafansu, jarrabawar ƙarshe kuma tana tafe. Tun daga ranar ba ta sake ɗaga hannu ba, ni kuma na ce na huta.

Wata Litinin a tsakiyar Fabrairu, bayan an tashi, ka aiko in same ka a ɗakin gwaji. Na tarar da kai da Baba, dattijon da ke riƙe da makullan ɗakin, kun ɗora a kan tebur tsohon akwatin gilashin nan da a da ake kiwon kifi a ciki, cike da ruwa zuwa rabi. Kwanon silba yana yawo a sama da ƙarfen awo mai kilo ɗaya a cikinsa. Ka ce ka ga tambayar da na ba ajina, tana da kyau, kana so mu gwada ta. Na ɗauka a cikin takardun da ake kai wa ofishinka ka gan ta. Ka ja layi da maka, wato alƙalami mai kaurin baki, a jikin gilashin daidai bakin ruwa, ka miƙo mini 'yar takarda da biro. Na rubuta amsata na sa hannu, har da ɗan murmushin wanda ya san abin da yake yi.

Ka ɗauke ƙarfen daga kwanon, ka sa shi cikin ruwa a hankali har ya zauna a ƙasa. Muka jira ruwan ya lafa. Ya tsaya ƙasa da layin da kusan faɗin ɗan yatsa. Na sunkuya na duba ta gefe, na duba ta sama, na ce ko gilashin yana yoyo. Baba ya shafa teburin ya nuna mini tafin hannunsa a bushe. A take lissafin ya faɗo mini gaba ɗaya: a cikin kwano ƙarfen yana ture ruwa daidai nauyinsa, a ƙasa kuwa daidai girman jikinsa kawai yake turewa, kuma jikin ƙarfe ɗan ƙarami ne. Abin da ɗalibar shekara sha bakwai ta gani, ni na soke da jan biro na kuma sa aka yi mata dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na roƙe ka ka shiga ajin ka gyara musu da kanka, ko in sa gyaran cikin takardun bita ba tare da wata magana ba. Ka girgiza kai. "Ajinki ne, Malama," ka ce. "A gabansu aka yi, a gabansu za a gyara. Ba zan shiga ba, ba kuma zan gaya wa kowa ba. Ranar Alhamis kina da darasi biyu a jere, ya ishe ki." Ba ka ɗaga murya ba. Ka kama taya Baba kwashe ruwan.

Alhamis ta zo, na shiga aji na ce yau bitar ƙarfin tafiya za mu yi. Na gaya wa kaina cewa lokaci ya ƙure, akwai abubuwan da suka fi wannan muhimmanci. Alhamis ta biyu na ba su tambayoyin shekarun baya. Ina ganin Me-ya-sa a kujerarta kusa da taga, kanta a sunkuye, tana rubutu ba ta cewa uffan. Kullum muka haɗu a ofis sai in jira ka yi mini maganar, ko da harara ce, don in samu abin da zan yi fushi a kai. Ba ka yi ba. Gaisuwarka tana nan yadda take, har ka tambayi jikin mahaifiyata. Wannan shirun naka ya fi mini kowane faɗa nauyi. Ranar Lahadi aka kwantar da kai. Alhamis ta uku na ce ai yanzu hankalin kowa yana asibiti, in ka dawo zan yi. Da muka je duba ka, na laɓe a bayan sauran malamai. Ka hango ni ka ɗaga mini hannu, na ce Allah Ya ƙara sauƙi, na fito.

Kashegarin rasuwarka Baba ya tare ni a bakin ɗakin gwaji, idanunsa jajur. Ya ce, "'Yata, gobe in cika gilashin, ko in bari?" Na ce wane gilashi? Ashe tun ranar Litinin ɗin nan ka ba shi umarni cewa duk Alhamis da safe ya cika akwatin, ya sa kwano da ƙarfe da maka a gefe, ya bar ƙofa a buɗe, kada kuma ya ce mini komai. In an tashi ban zo ba ya zubar. Sau biyu ya cika ya zubar kana makaranta. Ta ukun kana kwance da ƙarin ruwa a hannu, ka sa babban ɗanka ya buga masa waya da sassafe, saƙon kawai shi ne yau Alhamis, a cika gilashi. Ɗanka ya zaci zafin ciwo ne ya sa kake sambatu. Na ce wa Baba ya cika.

Ranar Alhamis, kwana biyu da binne ka, na kwashi ajina zuwa ɗakin gwaji. Sun shigo jiki a sanyaye, wasu idanunsu a kumbure. Na sake karanta musu tambayar jirgi da dutse, na ce kowa ya rubuta hasashensa ya sa hannu. Suka dubi juna, domin ba su saba jin wannan daga bakina ba. Na ja layin. Na ɗauke ƙarfen na nutsar da shi. Mutum arba'in da shida suka matso suna kallon ruwa yana lafawa, ya sauka, ya tsaya a ƙasan layi. Wani daga baya ya ce, "Kai! Ya sauka fa!" Ko ni da na riga na gani sau ɗaya, sai da na sake jin abin ya ratsa ni. Allah Ya shimfiɗa wa ruwa ƙa'idarsa tun kafin a yi mu, kuma ga ta tana aiki a cikin tsohon akwatin kifi a gaban yara.

Sannan na juyo na faɗa musu. Na ce amsar da na ba su a Janairu kuskure ce, kowa ya buɗe littafinsa ya soke ta. Na ce na san kuskure ce tun makonni uku da suka wuce, girman kai ne ya hana ni faɗa. Na ce mutum ɗaya ce ta amsa daidai, na soke ta, na kuma sa aka yi mata dariya, ina neman afuwarta a gaban waɗanda suka yi dariyar. Na miƙa mata alƙalamin na ce ta zo ta yi wa aji bayani. Ta taso ta zana jirgin da dutsen, ta yi bayani tsaf cikin minti uku.

Da aka fita ta tsaya a baya. Ta buɗe jakarta ta fito da takardar gwajin nan mai jan birona, duk ta yi laushi don ninkewa. Ta ce tun makon da na raba takardun ta kai maka ita ofis tana kuka, ta ce za ta bar fiziks. Daga wurinta ka san zancen, ba daga takardun ofis ba. Na tambaye ta me ka ce mata. Ta ce ka karanta amsar sau biyu, ka ce kada ta jefar da takardar, kada kuma ta bar darasi. Ta ce ta tambaye ka wa ke da gaskiya, ita ko ni, ka ƙi faɗa. "Cewa ya yi, malamarki ba ta wasa da gaskiya, ki ba ta lokaci, da kanta za ta zo miki da amsar." Ta ninke takardar ta mayar jaka. "Duk Alhamis ina zuba ido, Malama. Da aka ce ya rasu na ce shi ke nan. Ashe ya san ki."

Ban san me ka gani a wurina ba, Malam, da har ka ba da shaidar da ni kaina ba zan iya ba wa kaina ba a lokacin. Da kalma ɗaya za ka iya share wa yarinyar nan hawaye ka kuma nuna wa makaranta ko ni wace ce, kuma ba wanda zai ga laifinka. Ka zaɓi ka riƙe mu duka biyu, ka jira, har a gadon asibiti kana ƙirga ranakun Alhamis. Na yi karatu a hannun manyan malamai masu tarin littattafai, ban taɓa ganin irin wannan ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, wadda ta yi shekaru tana raba mijinta da 'ya'yan mutane ba ta taɓa ƙorafi na gaske ba, da 'ya'yanka da jikokinka da 'yan uwanka, da Baba wanda ya rasa abokin aikin shekara ashirin da biyar, da ɗalibanka na da da na yanzu a duk inda suke. Allah Ya sanyaya zukatanku, Ya tsaya muku a inda shi yake tsaya muku. Kai kuma Malam, Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka kabarinka Ya haskaka shi, Ya sa kowane yaro da ka buɗe wa ido ya zama nauyi a ma'aunin alherinka. Yadda ka rufa mini asiri a gaban ɗalibata, Ya rufa maka naka ranar da ba mai rufawa sai Shi, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ni kuma Ya yafe mini makonni ukun da na sa ka jira.